Ƙofa Ɗaya da Ɓarauniyar Hanya: Lacca Kan Shiga Manhajojin Ma'aikata

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamai, ma'aikata da ɗaliban da suka taso daga Gwandu, Kalgo da Birnin Kebbi zuwa nan Kambaza, barkanku da zuwa.

Duk wanda ya taɓa ganin kufan Surame, birnin Kanta, ya san kakanninmu sun fahimci tsaro. Ganuwa ce ta kewaye gari, ƙofofi kaɗan, kowace da mai gadinta. A kan wannan hikima nake so mu auna ofisoshinmu na yau.

Yanzu takardun albashi, sakamakon jarrabawa da wasiƙun ofis sun bar kabad, sun koma manhajojin haya da ke zaune a rumbunan intanet na kamfanoni irin su Google da Microsoft. Ɗalibin Jami'ar Tarayya da ke Kalgo, wadda aka kafa a 2013, ko na jami'ar jiha da ke Aliero, ya san wahalar: kowane shafi da kalmar sirrinsa. Mutum ya gaji, sai ya riƙa amfani da guda ɗaya ko'ina, ko ya rubuta ta a bangon littafi.

Maganin da masana suka fito da shi shi ne shiga ta ƙofa ɗaya. Ma'aikata takan zaɓi manhaja guda ta zama mai gadi. Ita kaɗai ke riƙe da sunayen ma'aikata, ita ke tantance mutum, sannan ta ba sauran manhajoji shaidar cewa wannan namu ne, ku buɗe masa. Sauran ba sa ganin kalmar sirrinsa. Ƙa'idojin wannan shaida sun daɗe: SAML 2.0 ta fito a 2005, OpenID Connect a 2014.

To, ga inda gizo ke saƙa. Da yawa sukan kafa sabuwar ƙofa, su bar tsofaffin hanyoyin shiga a buɗe. Na taɓa aiki da wani ofis inda aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, aka goge sunansa daga hannun mai gadi, amma watanni bayan haka yana buɗe takardun ofis da tsohuwar kalmar sirrinsa, domin babu wanda ya kashe waccan hanyar. Ba shi da mugun nufi, Allah ya kiyaye. A Amurka ba su sami wannan sa'a ba. A 2021 ɓarayin intanet suka shiga kamfanin bututun mai na Colonial ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi, wanda ba shi da matakin tantancewa na biyu. Bututun ya tsaya kwanaki, gidajen mai suka cika da layi, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4.

Saboda haka ra'ayina a fili yake: ranar da kuka buɗe ƙofa ɗaya, ku toshe sauran. Ku hana shiga da imel na ƙashin kai, ku daina asusun taron dangi da mutum biyar ke amfani da shi.

Ita kuma ƙofar a ƙara mata sakata, tunda wanda ya sace makullinta ya sami gidan gaba ɗaya. Lambar da ake turowa ta saƙon waya ta fi babu, amma ana sace layi, kuma sabis yakan ɗauke. Mun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a Satumban 2021. Manhajar da ke ƙirƙiro lamba a cikin wayar kanta tana aiki ko babu sabis, ita ta fi dacewa da ƙauyukanmu. A kuma ajiye asusun gaggawa guda a hannun amintattu biyu, don ranar da mai gadin kansa ya sami matsala.

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan mutane a wuyan ma'aikatar da ta tara su. Shugabannin ma'aikatu da ke zaune a nan, ina roƙonku: ranar Litinin ku kira mai kula da kwamfutocinku, ya kawo muku jerin duk masu izinin shiga, ku gwada shi da jerin masu karɓar albashi. Duk sunan da ba ku gane ba, a rufe shi kafin a tashi aiki.