CIWON LANƘWASAR ƘAFA A YARA: RANA KAƊAI BA TA ISA BA

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa ma'aikacin lafiya ya gabatar wa matasa a Kausani, ƙaramar hukumar Wudil. A sha karatu lafiya.

'Yan uwa, kowannenmu ya taɓa ganin yaron da ƙafarsa ta lanƙwashe kamar baka, ko ta yi gwame, wuyan hannunsa ya kumbura, maɗigarsa ta ƙi rufewa, ya yi jinkirin tafiya. Sai a ce gado ne, ko iska. To, sau da yawa ƙashi ne bai samu abin gininsa ba.

Abu biyu ke gina ƙashi. Na farko sinadarin kalsiyam, wanda ke cikin nono da ƙayar kifi. Na biyu bitamin D, wanda fata ke samarwa in rana ta taɓa ta. Shi ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam ɗin. Wani zai ce, "Malam, mu da rana ke ƙonawa?" Na'am. A 1999 Dokta Thomas Thacher da abokan aikinsa suka fitar da binciken da suka yi a Jos kan yara 123 masu wannan ciwo. Abincinsu tuwo ne, kalsiyam ɗin da suke samu bai wuce kimanin miligiram 200 a rana ba. Bayan mako 24, waɗanda aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kawai.

Shi ya sa a 2016 masana na duniya suka daidaita cewa jariri a ba shi ɗigon bitamin D awo 400 kullum, daga haihuwa har shekara ɗaya. Wanda ciwon ya kama kuwa, aƙalla awo 2,000 kullum na mako 12, tare da kalsiyam miligiram 500. Amma ku ji da kyau, kada wani ya ruga kemis ya yi gaban kansa. Bitamin D na taruwa a jiki, in ya yi yawa yana taɓa ƙoda. A kai yaro Babban Asibitin Wudil, in ta kama a tura shi Asibitin Ƙashi na Dala.

Sauran aikin namu ne. Ga nonon Fulani, ga kifin kogin Wudil. A daka busassun ƙananan kifi da ƙayarsu a zuba a miyar kuka. Mai jego da jaririnta su riƙa shan hantsi a tsakar gida; wannan bai taɓa kulle ba.

Ku tuna, yarinyar da aka bari da wannan ciwo ƙugunta na iya tsukewa, ranar haihuwa ta sha wuya. Saboda haka yau in ka koma gida, ka duba ƙafar ƙanenka da ta ƙanwarka.