Yaro Ya Yi Laifi: Wace Kotu Ce Tasa?



An nemi in yi magana a kan muhawarar da ake yi: idan yaro ya aikata babban laifi, a hukunta shi kamar babba ko kuwa a'a? Wasu na cewa wanda ya iya ɗaukar wuƙa ai ya iya ɗaukar hukunci, kuma wanda aka kashe wa ɗa ba ruwansa da shekarun mai kisan. Wannan magana tana da nauyi. Wasu kuma na cewa hankalin yaro bai gama nuna ba, sau da yawa babba ne ke tura shi, kuma idan aka kulle shi da riƙaƙƙun ɓarayi, zai fito ya fi su iya sata. Ko a Amurka, inda ake kai yara kotun manya, Kotun Ƙoli ta hana yanke hukuncin kisa ga wanda bai kai shekara 18 ba lokacin da ya yi laifi, a shekarar 2005.

To, mu nan gida me doka ta ce? Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne. Jihar Legas ta yi tata a 2007. Mu a al'adarmu da balaga muke auna girma, amma kotu da shekaru take aunawa. Dokar ta ce idan an kama yaro a sanar da iyayensa ko mai riƙonsa nan take, shari'arsa ta tafi Kotun Iyali, kada a yi masa bulala, kada a yanke masa hukuncin kisa. Wannan ba ya nufin a sake shi ya tafi. Idan laifin ya yi girma, kamar yunƙurin kisa ko fashi, kotu na iya ba da umarnin a tsare shi. Akwai gidajen horar da kangararrun matasa na gwamnatin tarayya a Kaduna da Ilori da Abeokuta.

Amma doka a takarda daban, aiki da ita daban. Kun tuna ranar 1 ga Nuwamba 2024, da aka gurfanar da yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, daga Kano da Kaduna, a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, bisa zargin cin amanar ƙasa. Wasunsu suka faɗi a cikin kotu don galabaita. Sai da jama'a suka yi ca, sannan Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su.

Jama'a, nan ne maganar ta zo kanmu. Yaranmu ne ke tura baro a kasuwa, su ne ke sayar da ruwa, su ne ke wankin takalmi. Idan aka yi samame aka kwashe su, abin da ke raba yaro da gidan yarin manya shi ne shaidar shekarunsa. Ɗan shekara 16 mai tsawo, ba takarda, ba ya jin Turanci ko Yarbanci, in aka rubuta 19 a takardar tuhuma, wa zai musa?

Saboda haka ina roƙonmu abu huɗu. Na farko, kowa ya karɓar wa 'ya'yansa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, har da yaran da aka kawo mana daga gida. Na biyu, in an kama yaro a je ofishin 'yan sanda a ranar, da takardar a hannu. Na uku, kada yaro ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a bayanin da ba a fassara masa ba. Na huɗu, a nemi lauya. Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya tana taimakon marasa hali kyauta.

Wanda ya yi laifi a hukunta shi, amma a kotun da doka ta ware masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuri'a.