Daga Jami'a Zuwa Suame



Idan ana batun jami'ar fasaha da ta kai bincikenta inda ake bukata, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi a Ghana ce ke fara zuwa mini a rai. A 1972 ta buɗe cibiyar ba wa masu ƙananan sana'o'i shawara, inda malamai suka duƙufa kan haɗa sabulu, saƙa, kiwon zuma da ƙera noti da kusoshin ƙarfe, kayan da ƙasar ke shan wuyar sayowa daga waje a lokacin.

Abin da ya fi burge ni shi ne na 1980. Jami'ar ta ɗauki injinanta ta kafa reshe a cikin Suame, unguwar makanikai da maƙera da ke Kumasi, wadda duk wanda ya san Panteka ta Kaduna zai gane kamanninta. A can aka koya wa masu sana'a narka ƙarfe da zuba shi a mazubi, har suka riƙa yin faifan injin niƙa da kansu. Ku tuna, faifan nan in ya cinye, mata ne ke komawa ga turmi. Daga baya aka buɗe irin wannan reshe a Tamale.

Ina roƙon shugabannin jami'o'in fasaha na Minna da Bauchi su leƙa garejin makanikai da rumfar maƙera kafin su tsara binciken baɗi, su ji abin da ke hana injin ban-ruwa tashi.