Shekara 38 a Bakin Tafki

Muna godiya ga Allah wanda ya sake tara mu a gindin Maganarsa. Karatunmu na yau yana cikin Bishara ta hannun Yahaya, sura 5, aya 1 zuwa 15. In kana da Littafi Mai Tsarki a kusa, buɗe wurin, mu bi shi tare.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar ƙauye da damina ya san yadda mota take kafewa a laka. Direba ya taka totur, inji ya yi ta ƙugi, taya ta yi ta juyawa, amma ba a matsa ko taku ɗaya ba. Haka rayuwar waɗansunmu take. Muna kwana muna tashi, muna zuwa sujada ran Lahadi, amma inda muke bara, nan muke bana. Wani ya gama makaranta da daɗewa, takardunsa suna cikin akwati. Wata mijinta ya rasu, tun ranar ba ta sake jin daɗin rai ba. Wani an ƙone masa gida a lokacin rikici, ya sake gini, amma zuciyarsa tana nan zaune cikin tokar. Yau za mu ga abin da Yesu ya yi da wani mutum da ya kafe haka.

A Urushalima, kusa da Ƙofar Tumaki, akwai wani tafki da ake kira Baitasda, mai shirayi biyar. Masu tonon kayan tarihi sun gano kufan wurin, har yau ana zuwa ganinsa kusa da majami'ar Santa Ana. A cikin shirayin nan marasa lafiya suke kwanciya, makafi da guragu da shanyayyu. Sun gaskata cewa in ruwan ya motsa, wanda ya fara shiga zai warke. A cikinsu akwai wani mutum da ya shekara 38 yana fama da ciwo. Yaron da aka haifa a shekarar da ya kwanta ya riga ya yi aure, ya tara iyali.

Da Yesu ya gan shi, sai ya tambaye shi ko yana son ya warke. Mu da muke karantawa za mu ce, ai wannan ba abin tambaya ba ne. Amma mu lura da amsar mutumin. Bai ce i ba. Sai ya shiga bayani cewa ba shi da mai sa shi a ruwa, kuma kafin ya kai, wani ya riga shi. Abin da ya faɗa gaskiya ne, bai yi ƙarya ba. Sai dai an tambaye shi abin da yake so, shi kuwa ya ba da labarin abin da ya hana shi.

'Yan'uwa, ba haka muke yi ba? Mukan ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, mu kuwa ba mu da kowa. Ba mu da kawu a ofis, ba mu da mai tsaya mana. Mun maimaita wannan magana har ta zama tabarmar da muke kwanciya a kai. Idon mutumin nan yana kan ruwa, ga kuwa wanda ya halicci ruwan yana tsaye a gabansa. Mu ma mukan kafa wa ƙofa ɗaya ido, mu ce in ba ta nan ba, Allah ba zai taimake mu ba.

Yesu bai ɗauke shi ya kai shi tafki ba, bai kuma ce masa ya jira motsin ruwa na gaba ba. Umarni ya ba shi, mai kashi uku.

Na farko, ya ce masa ya tashi. Wannan shi ne ainihin abin da mutumin ya kasa yi shekara 38. Da ya tsaya sai ya ji ƙarfi a ƙafafunsa tukuna, da yana nan kwance. Wanda ya ba da umarnin shi ne ya ba da ikon cika shi. Bangaskiya ke nan: mu ɗauki maganar Almasihu da nauyi fiye da abin da muka saba gani a kanmu. Wataƙila tashinka shi ne ka je ka nemi gafarar ɗan'uwan da kuka shekara biyar ba ku magana. Wataƙila ki fita ki koyi ɗinki ko saƙa, ko da sa'o'inki za su yi dariya. Wataƙila ka faɗa wa fastonka gaskiya a kan giyar da take cinye kuɗin makarantar 'ya'yanka.

Na biyu, ya ce masa ya ɗauki shimfiɗarsa. Da ya bar ta a shirayi, da ya bar wa kansa wurin komowa in abu ya yi wuya. Da yawa a cikinmu mun tuba, amma ba mu naɗe tabarma ba. Layar tana nan a ƙarƙashin matashi, ƙiyayyar tana nan a ajiye saboda wata rana. Motar da ta kafe ma, sai an sauke kaya kafin ta fita.

Na uku, ya ce masa ya yi tafiya. Bai nuna masa dukan hanyar ba. A Maimaitawar Shari'a 1:2 an gaya mana cewa daga Horeb zuwa Kadesh-barneya tafiyar kwana 11 ce. Amma da Isra'ilawa suka kai bakin ƙasar alkawari suka ƙi shiga saboda tsoro, sai suka yi shekara 38 suna zagaye a jeji, kamar yadda sura 2 aya 14 ta nuna. Ba nisan hanya ya tsare su ba, rashin bangaskiya ne. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.

Kada mu yi tsammani kowa zai yi murna da tashinmu. Ranar da mutumin nan ya warke Asabar ce, sai shugabanni suka tare shi saboda yana ɗauke da shimfiɗa. Ba su ga ƙafafun da suka miƙe ba, tabarma suka gani. Ya amsa musu cewa wanda ya warkar da shi ne ya umarce shi. Wannan amsa ta ishe mu.

Sai mu yi hankali da abu ɗaya. Ba muna cewa duk mai ciwo ko mai talauci ba shi da bangaskiya ba. A Yahaya sura 9, Yesu ya ƙi ɗora laifin makantar wani mutum a kansa ko a kan iyayensa. Manzo Bulus ma ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa wata ƙaya, ba a cire ba, aka ba shi alheri mai isa, ya ci gaba da aiki. Mai ciwo ya je asibiti, ya sha magani, ya yi addu'a. Jiki yana iya zama a kwance, zuciya kuwa tana tafiya tare da Allah.

Daga baya Yesu ya sami mutumin a Haikali, ya gargaɗe shi ya rabu da zunubi. Warkar ƙafa ba ita ce iyakar abin ba. Babbar kafewa ita ce ta zunubi, kuma daga ita ne Almasihu ya mutu ya tashi domin ya fisshe mu.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, shekara nawa ka yi, shekara nawa kika yi a bakin tafki? Kafin rana ta faɗi yau, mu zaɓi abu ɗaya da muka san Ubangiji ya daɗe yana ce mana mu yi, mu yi shi. Mu kuma duba maƙwabcinmu da yake cewa ba shi da kowa, gama ikkilisiya tana nan ne domin kada a sake jin wannan magana a bakin mai bi.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka san inda kowannenmu ya kafe, ka san yawan shekarun. Ka gafarta mana dogara ga mutane da muka yi fiye da dogara gare ka. Ka ba mu ikon tashi, mu naɗe tabarmarmu, mu bi Ɗanka. A cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.