Baƙon Da Ke Sauka Kan Furannin Turai Daga Wajenmu Yake

Wannan jawabi ne da aka gabatar ga 'yan uwa matasa. Mun kawo shi kamar yadda aka yi shi. A sha karatu lafiya.

'Yan uwa, yau maganarmu a kan malam-buɗe-littafi ce. Na ga wasu sun yi murmushi. To, a dai saurara.

A Ingila, idan hunturu ya wuce, sai su shiga wani lokaci da akan fassara mana da bazara. Amma ba irin tamu ba ce mai zafi da ƙura. Tasu lokacin tsiro ne. Zuwa watan Mayu da farkon Yuni sai ka ga gefen hanyoyin ƙafa na cikin daji ya cika da furannin da ba wanda ya shuka, farare da ja da ruwan ɗorawa. A daidai lokacin ne wani malam-buɗe-littafi yake bayyana a kansu, mai fukafukai ruwan goro da ɗigon baƙi da fari. Masana suna ce masa Vanessa cardui. Turawan Ingila kuwa suna kiran sa da sunan da ke nufin macen da ta ci ado.

Wannan ƙwaro ba ya iya jure sanyin Ingila. To, daga ina yake zuwa duk shekara?

Wajen Satumba sai ya bar Turai, ya ƙetare Bahar Rum, ya ƙetare Sahara, ya sauka a yankin Sahel, wato irin ƙasarmu, lokacin da damina ke ƙarewa ciyawa tana nan kore. A nan yake yin ƙwai. A 2014 wasu masana biyu, Gerard Talavera da Roger Vila, sun bi sawunsa, aka tarar da shi yana hayayyafa a Chadi da Benin da Senegal da Habasha. Idan ciyawa ta bushe sai 'ya'yan su gangara kudu inda ake da sauran danshi. Daga baya jikoki su juya arewa, su sake ƙetare hamada zuwa su Maroko, su hayayyafa, sannan na bayansu su shiga Turai. Tafiyar zuwa da dawowa tana kai kilomita 12,000 zuwa 14,000. Abin da nauyinsa bai kai giram ɗaya ba! Kuma ba ɗaya ne yake gama ta ba, don kowannensu 'yan makonni yake yi a duniya. Zuriya shida ko fiye suke karɓa-karɓa. Wanda ya isa Ingila bai taɓa ganin ta ba, wanda ya taso daga nan kuma ba zai gan ta ba.

Yanzu ta yaya aka san shekarar da suka yi yawa da wadda suka yi ƙaranci? Nan ne nake so ku kula. Tun 1976 aka kafa wani tsari a Birtaniya bisa hanyar da wani masani, Ernest Pollard, ya fitar. Mutum zai ɗauki hanyar ƙafa guda ɗaya, ya bi ta sau ɗaya kowane mako daga Afrilu zuwa Satumba, makonni 26, yana ƙirga duk wanda ya gifta cikin mita biyu da rabi dama da hagu da mita biyar a gabansa. Ya rubuta. Baɗi ya sake, hanyar nan dai. Akasarinsu 'yan sa-kai ne, ba a biyan su ko sisi. Wani zai ce wannan ai rashin aikin yi ne. Amma da irin wannan lissafi na Turai, haɗe da hotunan tauraron ɗan'adam, wani bincike na 2021 ya nuna cewa idan ciyayi suka yi kyau a kudu da Sahara, adadin da ke isa Turai yakan ninka sosai. Ka ga ke nan ruwan da ya sauka a nan, a can ake ganin sakamakonsa. A ƙarshen Mayun 2009 miliyoyinsu suka kwararo Birtaniya.

Sai dai baƙo yana bukatar masauki. Babba ruwan zaƙin fure yake sha, tsutsarsa kuma ganyen wasu ciyayi masu ƙaya ta fi ci, irin waɗanda manomi ke gani ya ce a kawar. Tsakanin 1930 da 1984, Ingila da Wales sun rasa kusan kashi 97 cikin 100 na filayensu masu furannin daji. Aka nome, aka zuba taki, aka mai da su gonakin ciyawa iri ɗaya. Shi ya sa yanzu gefen hanya da ɗan sauran daji suka zama abin lallaɓawa a wajensu.

Mu ma nan, da yawanku kun taɓa goya tankin feshi. Gona dai dole a kare ta, ba wanda ya ce a bar ciyawa ta ci gero. Amma bakin hanya da kan iyaka da gefen burtali, me suka yi maka? Bana idan Oktoba ta kama, ka bi hanyar gonarku da hantsi, bayan raɓa ta bushe, ka duba kan furannin da ke gefe. Mai ruwan goron nan da ɗigon fari a bakin fiffike, idan fukafukansa sun koɗe sun yayyage, wataƙila bai daɗe da fitowa daga hamada ba.