Shari'ar Sukurat: An Bi Doka, Amma An Yi Adalci Kuwa?

 Yau filinmu na tarihi zai kai mu ƙasar Girka, birnin Atina, shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A shekarar ne aka gurfanar da wani dattijo mai shekara 70, Sukurat, aka yanke masa hukuncin kisa.

Shi Sukurat ɗan mai sassaƙa dutse ne, mahaifiyarsa kuma ungozoma. Abin da aka san shi da shi, yawo cikin kasuwa yana tare mutane da tambaya: mene ne adalci, mene ne jarunta? Sai ya yi ta bin mutum da tambaya har mutumin ya ga ashe bai san abin da yake taƙama da shi ba. Samari na jin daɗin kallo, manyan gari kuwa na jin haushi. Bai rubuta littafi ko ɗaya ba, labarinsa daga almajiransa muka samu, musamman Aflatun.

Mutum uku suka kai ƙararsa: Meletus, da Likon, da Anitus, wani jigon siyasa da dukiyarsa ta fito daga jimar fata. Tuhumar ita ce wai ba ya girmama allolin gari, yana kawo wasu sababbi, kuma yana lalata tarbiyyar samari.

To, kotun Atina fa ba irin tamu ba ce. Babu alƙali ɗaya, babu lauya. Mutanen gari wajen 500 ake ɗebowa ta hanyar ƙuri'a su zauna. Kowane ɓangare ya yi magana da bakinsa, ana auna lokaci da ruwa mai tsiyaya daga tukunya, a gama komai a yini guda. Da aka ƙirga, masu cewa ya yi laifi suka rinjaya, amma da kaɗan. Aflatun ya ruwaito cewa da mutum 30 sun sauya ra'ayi, da an sallame shi.

Dokarsu ta ce idan an sami mutum da laifi, masu ƙara su faɗi hukuncin da suke so, shi ma ya faɗi nasa, kotu ta zaɓi ɗaya. Suka ce kisa. Da ya ce a kore shi daga gari, mai yiwuwa da an karɓa. Sai dattijon nan ya ce abin da ya dace da shi, gari ya riƙa ciyar da shi kyauta kamar yadda ake wa zakarun wasanni! Daga baya ya sauko ya ce tara, abokansa suka tsaya masa. Ina, ya riga ya fusata kotu. Kun ga, in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Amma akwai abin da ke ƙasa, wanda ba a rubuta cikin tuhuma ba. A shekara ta 404 Atina ta sha kashi a hannun Siparta bayan yaƙin shekara 27. Siparta ta ɗora wasu mutum 30 kan mulki, suka yi ta kisa da ƙwace dukiya. Jagoransu, Kiritiyas, ya taɓa zama cikin masu bin Sukurat. Haka ma Alkibiyadis, wanda ya taɓa guduwa wurin abokan gaba. Da aka kori azzaluman nan a 403, aka yi afuwa, aka rantse ba za a tono abin da ya wuce ba. Saboda haka ba dama a tuhumi Sukurat da siyasa, sai aka biyo ta hanyar addini da tarbiyya.

Nan ne ni nake ganin an yi zalunci. An bi tsari daga farko har ƙarshe, babu wanda ya ce an yi maguɗin ƙuri'a. Sai dai an bar jaki an doki taiki. Ba a nuna mutum ɗaya da Sukurat ya cuta da hannunsa ba. Hasali ma, lokacin da mutum 30 ɗin nan suka aike shi tare da wasu huɗu su kamo wani Liyon a tsibirin Salamis don a kashe shi, sauran suka tafi, shi ya juya gida abinsa, ya sa ransa cikin haɗari. Duk wanda aka taɓa riƙewa saboda ɓarnar da wani daban ya yi, don kawai an taɓa ganinsu tare, ya san ɗacin wannan.

Saura kuma abin da ya fi ba mutane mamaki. An jinkirta kisan wajen wata guda, saboda jirgin ruwan ibada da aka tura tsibirin Delos bai dawo ba, kuma ba sa kisa sai ya dawo. Cikin kwanakin nan amininsa Kirito ya shirya kuɗi da hanya don ya tsallake zuwa yankin Tesaliya. Sukurat ya ƙi. Hujjarsa ita ce shekara 70 yana zaune ƙarƙashin dokar garin nan yana cin moriyarta, ba zai karya ta ranar da ta juyo kansa ba, kuma ba a rama zalunci da zalunci. Da ranar ta zo aka miƙa masa ƙoƙon guba, ya sha da hannunsa, abokansa na kuka.

Ra'ayina ke nan, jama'a: hukuncin ya halatta a dokarsu, amma bai zama adalci ba, kuma yawan masu ɗaga hannu bai wanke shi ba. Inda na bar muku magana shi ne ƙin gudun nan. Ku da kuka san iyaka tafiyar dare ɗaya ce, in da ɗayanku ne aka buɗe wa ƙofa, zai tsaya ko zai ƙetare? Ku aiko mana da ra'ayoyinku, za mu karanta su a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.