Hawan Jinin Ido da Neman Maganin Kare Jijiyar Gani



Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda ƙwayoyin jijiyar gani suke mutuwa, da kuma inda masana suka kwana wajen neman maganin da zai kare su. Dalili kuwa shi ne, binciken makanta da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa cikin mutanen da suka kai shekara 40, kimanin 5 cikin 100 suna da gilakoma, kuma fiye da 9 cikin 10 na masu ciwon ba su san suna da shi ba. Hausawa na ce da shi hawan jinin ido, amma sunan yana da ruɗi, domin ruwan cikin ido ne yake taruwa ya matse jijiya, ba jini ba.

Da farko dai, can ƙuryar ido akwai wani tantani mai suna ratina. A jikinsa akwai ƙwayoyi kimanin miliyan ɗaya, waɗanda zarensu ya haɗu ya zama jijiyar da ke kai saƙo ga ƙwaƙwalwa. Ɗan aiken da ke tashinsu wani sinadari ne, gulutamet. In ya zo daidai gwargwado, sai ƙofar ƙwaya ta buɗe kaɗan, saƙo ya wuce. In ya yi yawa, sai ƙofar ta daɗe a buɗe, kalsiyam ya kwararo ciki, ya zuga wasu enzayim, watau sinadaran da ke gaggauta ayyukan jiki. Ɗaya daga cikinsu, kalfen, yakan yayyanka ginshiƙan ƙwayar har ta mutu. Lucas da Newhouse na Ingila su suka fara ganin wannan ɓarna a idon ɓeraye a 1957. Masana da dama na zargin tana da hannu a gilakoma.

To, daga nan ne tunani ya zo cewa in an ɗaure hannun waɗannan enzayim, ƙwayar za ta tsira. An gwada magunguna masu hana kalfen aiki, kuma a 1999 aka gwada aminoguwanidin, wanda ke hana wani enzayim ɗin dabam. Duka sun rage mutuwar ƙwayoyi, amma a idon dabbobin gwaji. Da aka jarraba memantin, wanda shi ƙofar gulutamet yake tarewa, a kan mutum fiye da 2,000, sai aka sanar a 2008 cewa bai cika burin da aka sa masa ba.

Duk da haka, akwai masu hana enzayim aiki da tuni suke hannun likitoci. Asetazolamid, wanda aka fara ba masu gilakoma a 1954, da dozolamid na ɗigawa, suna rage yawan ruwan da ido ke yi. Rifasudil, da aka amince da shi a Japan a 2014, da netasudil a Amurka a 2017, suna buɗe wa ruwan hanyar fita. Aikinsu tabbatacce shi ne rage matsi, kuma rage matsi shi ne kariyar da aka tabbatar tana jinkirta makanta.

A ƙarshe, ga abin lura. Mai yanar ido ana yi masa tiyata ya koma gani, amma ƙwayar jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Ciwon yakan fara cin gefen gani ba tare da zafi ba, har ma'aikaci a Nassarawa ya yi shekaru yana karanta takardun ofis bai lura ba. Saboda haka ya kamata duk wanda ya kai shekara 40, musamman mai makaho a dangi, ya je a auna matsin idonsa, a duba jijiyarsa. Asibitin ido na ECWA, wanda aka buɗe a Kano a 1943, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suna wannan aiki. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don bai ga ƙarin gani ba. Aikin maganin shi ne tsare ganin da ya rage.